Sharlo, Mista Bin da Babulen Kurfai: dariyar da ake yi wa mai kaki

A fadojin samari na Filinge, kamar na Yamai da Dogon Dutsi, har yanzu Mista Bin na cikin waɗanda ake turawa daga salula zuwa salula. Ba a bukatar jin Ingilishi kafin a gane shi, don kusan ba ya magana. Dattawa kuwa, musamman waɗanda suka yi zaman birni ko suka je bida Kurmi, wani suna suke ambata idan hira ta kai ga dariyar da: Sharlo, ɗan gajeren nan mai ƙaramar malafa da sanda da manyan takalma. Faransawa ne suka raɗa masa Charlot. Sunansa Charlie Chaplin, kuma a Landan aka haife shi a 1889. A arewacin Najeriya sunan ya shiga harshe har ya zama kalma: mai ba da dariya a cikin fim, ko da na Indiya ne, «cali» ake ce masa.

Sana'ar da ta haɗa Sharlo da Mista Bin tsohuwa ce a Ingila. Ta girma ne a gidajen wasan da talakawan birane ke cikawa da dare, inda ake waƙa, a yi tsalle, a faɗi, a yi mari. Chaplin ya koyi aikin a ƙungiyar Fred Karno, tare da Stan Laurel, kuma da wannan ƙungiya suka tafi Amurka a 1910. Sunan da Ingilishi ke ba salon ya fito ne daga wata sanda mai faifan katako biyu: idan an buga ta a jikin mutum sai ta yi ƙara kamar an kwaɗa masa mari, alhali bai ji zafin komai ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Norman Wisdom ya yi suna da fim ɗinsa na 1953, Trouble in Store. A 1958 Carry On Sergeant ya buɗe jerin finafinan da suka ɗauki shekaru ashirin. Benny Hill ya riƙe talbijin daga 1955 zuwa 1989, har Faransa ta ɗauke shi. Mista Bin na Rowan Atkinson ya zo a 1990, kuma kashi 15 kacal aka yi.

Ƙa'idar wasan guda ce. Sai an sami wani mai girman kai, sannan a kayar da shi. Ɗan sanda, saje, mai kanti, babban akawu: duk wanda ya tsaya ƙiƙam cikin kaki, shi ne santsi ke jira. A 1940 Chaplin ya kai abin har kan Hitler, a fim ɗinsa The Great Dictator. Turawan Ingila da suka tashi a wancan zamani suna tuna shi da kewa, a matsayin lokacin dariyar da ba ta cutar da kowa. Sai dai a cikin waɗannan shekaru ne gwamnoninsu ke tsaye a Akra da Kaduna da hular gashin tsuntsu a ka, kuma akwai mutanen da suka daɗe suna kallon tafiyarsu da tsayuwarsu da idon mai kwaikwayo. Asalin wannan kwaikwayo a ƙasar Kurfai yake.

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. A 1925 Nijar ba ta fi shekara uku da zama cikakkiyar ƙasar mallakar Faransa ba, babban birninta ma yana Damagaram tukuna. Talaka yana biyan lanho, yana ba da ɗansa aikin dole ko soja, kuma dokar andijena ta ba kwamandan ikon rufe mutum ba shari'a. A Kurfai akwai ƙarin wani ciwo: Turawa sun ɗora Gado Namalaya a kan ƙasar duka da wani iko da garuruwa da dama ba su saba gani a hannun mutum ɗaya ba.

A wannan shekara, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, ana cikin wasan samari da ƴammata sai iska ya hau wata mata mai suna Shibo, wadda wasu littattafai ke rubutawa Zibo, ɗiyar wani mutum da ake kira Ganji. Bori ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Baƙon shi ne iskan: da aka tambaye shi ko wane ne, sai ya ce shi ne Gomno Maliya, gwamnan Bahar Maliya. Sauran suka biyo baya a kan samari, kowa da muƙaminsa, wannan kofur na gardi, wancan kyaftin. Suna fareti, suna sara wa juna, suna ba da oda da wani Faransanci karyayye, suna riƙe da bindigogin icce. Kumfa na fita daga bakinsu, suna kai wuta jikinsu ba ta ƙone su. Hausawa suka kira su Babule. Zabarmawa kuma suka ari kalmar Hausa suka ce musu Hauka, sunan da duniya ta san su da shi ke nan.

Sarkin ya kai ƙara Yamai. Kwamandan na lokacin, Horace Crocicchia, mutumin tsibirin Korsika, ya sa aka kamo su. Bisa labarin da Jean Rouch ya tattara daga bakin dattawa, wajen mutum 60 aka kai, aka rufe su kwana uku ba abinci. Sannan kwamandan ya sa aka fito da su, aka kira iskokin, ya riƙa marinsu ɗaya bayan ɗaya har sai kowa ya furta cewa babu wani Hauka. Marin nan ba na sandar wasa ba ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa labarin bai mutu ba. Ba a daɗe ba wani sabon iska ya shigo cikin dangin Babule, mai zafin rai, mai zagi, mai duka. Sunansa Korsasi, wato mutumin Korsika, ana kuma ce masa Kwamandan Mugu. Wanda ya rantse zai kashe abin sai ga shi ya zama ɗaya daga cikinsu, har da tafiyarsa da faɗansa. Da wuya a sami marubucin barkwanci a Landan da ya taɓa ƙirƙiro ramuwa irin wannan.

Masanin tarihi Finn Fuglestad, ɗan ƙasar Norway, ya bi takardun mulkin mallaka ya wallafa nazarinsa a 1975. A ganinsa abin ya wuce bori: mabiyan sun yi wa sarakunan da Turawa suka naɗa tawaye, sun bar garuruwa sun kafa nasu sansani a daji, kuma zuwa 1927 motsin ya ƙetara cikin Arewa, ƙasar Mawri. Hukuma ta sa ƙarfi, ta kama shugabannin ta kai su nesa da gida. Amma hanyar Kurmi a buɗe take. Kowace rani dubban samarin yammacin Nijar na gangarawa Gwalkwas, Gana ta yau, su yi dako da haƙar zinariya da aikin tashar jiragen ruwa a Kumashi da Akra, wadda Hausawa ke kira Ankara. Da su iskokin suka tafi. A can suka tarar da wani Bature daban, mai tutarsa da faretinsa, suka shigar da shi cikin wasan.

A nan ne Ingila ta shigo labarin da kanta. A 1954 mabiyan Hauka na Akra suka gayyaci Jean Rouch ya ɗauki bikinsu na shekara, a gidan wani manomin koko a bayan gari. Fim ɗin, Les Maîtres fous, bai kai minti 40 ba. Akwai gwamna, akwai janar, akwai matar likita, akwai direban jirgin ƙasa da ke kai da komowa, akwai Kwamandan Mugu da ya biyo su tun daga Yamai. Sun rataya tsummoki a matsayin tuta, sun kafa gunkin gwamna, suna zaman taro suna gardama kan ƙa'idar girma. A wani wuri aka fasa ƙwai a kan gunkin, farin da kwanduwar suka gangaro. Rouch ya yanke hoton nan take ya nuna gwamnan gaske a wurin fareti, gashin hularsa yana zubowa daidai yadda ƙwan ya zubo. Sir Charles Arden-Clarke ne ke riƙe da ƙasar a lokacin. Duk wanda ya san Laurel da Hardy ya san abin da ƙwai ke yi a kan babban mutum.

Sai dai fim ɗin ba ya barin mai kallo ya yi dariya cikin natsuwa. Idanu sun juye, yawu na dalala, an yanka kare an ci. Washegari kyamara ta koma ta sami mutanen nan a bakin aikinsu, wasu a kasuwa, wasu suna haƙar ramin ruwa, suna murmushi kamar ba su ba. Da aka nuna shi a Musée de l'Homme na Paris, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, don sun ga za a yi amfani da hotunan a ce ga yadda baƙar fata yake, kuma tsoronsu yana da dalili. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya ci kyauta a Venise a 1957. Jean Genet ya ɗauki wani abu daga cikinsa ya rubuta Les Nègres, kuma Peter Brook, babban mai shirya wasan kwaikwayo na Ingila, ya nuna shi ga ƴan wasansa lokacin da suke shirya Marat/Sade a 1964. Ta wannan hanya abin da ya soma a Shikal ya isa dandalin Landan, a matsayin darasi ga masu sana'ar.

To shin Babule barkwanci ne? A nan masana suka rabu. Ba'amurke Paul Stoller, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Songai, ya kira shi barkwanci mai ban tsoro, wato ba'a ga mai mulki da ake yi da jiki. Paul Henley na jami'ar Manchester ya ce a 2006 an cika ɗora wa abin siyasa: mabiyan ba sa cewa suna kwaikwayon kowa, cewa suke iska ne ya hau su, kuma abin da suke nema a wurinsa ƙarfi ne na warkar da mara lafiya da korar maita. Hujjar Henley tana da nauyi, domin mai bori ba ya ɗaukar kansa ɗan wasa, kuma ce masa Sharlo zagi ne. Amma taron da ya kewaye fili yana da nasa ido. Mutumin da gardi ya taɓa kora da bulala, idan ya ga maƙwabcinsa ya ƙame yana sara wa iska yana zagi da Faransancin bariki, zai yi dariya, ko da yana ja da baya don tsoro. Kuma Crocicchia kansa bai ɗauki abin a matsayin magani ba. Ya gane tafiyar wa ake yi.

Bambancin da ke tsakanin fagen biyu a fili yake. A Landan ɗan sandan fim ɗan wasa ne da aka biya, kuma na gaske yana iya sayen tikiti ya zauna ya yi dariya tare da kowa. A Kurfai ta 1925 babu wani dandali da aka keɓe inda talaka zai taɓa kaki ya kwana gida lafiya, shi ya sa abin ya bi ta ƙofar bori, inda ake iya cewa ba mutum ne ya yi magana ba. Dokar andijena da aikin dole sai a 1946 aka soke su.

Da ƙofa ta buɗe, dariyar ta fito da fuskarta. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi garinsu, kuma a shekarar ya yi Bon voyage Sim, shugaban ƙasar kwaɗi mai tafiyar aiki da jan kafet. A 1974 Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, tare da Rouch, suka fito da Cocorico Monsieur Poulet, labarin masu sayen kaji da wata tsohuwar mota da suka ƙetare kogin Kwara da ita har sau uku. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke shigar manyan hukuma, a can kuma Yazi Dogo ya yi zamaninsa da ƙungiyarsa ta rediyo. A Kaduna, Usman Baba Pategi, wanda ya yi aikin soja da gaske, ya shafe shekaru yana Samanja Mazan Fama da Hausar bariki, ya kuma rasu a 2023. Ba wanda zai ce duka daga Shikal suka fito. Abu ɗaya dai suke wasa da shi, wato tazarar da ke tsakanin riga da mutumin da ke cikinta.

A 2025 lamarin Shikal ya cika shekara 100. Bori ya ja baya a bainar jama'a saboda wa'azi, matsalar tsaro a jihar Tilaberi ta rage tarukan dare, kuma saurayin Filinge zai fi saurin gane Mista Bin da Shibo. Crocicchia kuwa ya ci gaba da hawa bayan Yamai: ya yi gwamnan Kodebuwa daga 1939, daga baya ya yi na Gine. Sunansa yana cikin jerin gwamnonin da ba mai karantawa sai masu bincike. Kwamandan Mugu har yanzu yana sauka a wuraren da ake kaɗa wa Babule, a Nijar da Gana.