Littafin Soyayya Da 'Yan Sandan Ciki Ya Raba Kan Masu Karatu

Duk wanda ya saba bi ta Yaba ko ta ƙarƙashin gadar Ojuelegba a Ikko ya san mutanen nan masu shimfiɗa tsofaffin littattafan Turanci a gefen titi. Galibin littattafan daga Ingila da Amurka ake kwaso su, sun riga sun sha hannu, wani ma bangonsa ya yage. Cikin tulin nan akwai wani iri da mata da maza ke saye baki ɗaya, watau labarin soyayya da aka cuɗa da labarin farautar mai kisan kai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni shi ne The Maze, na wata Ba'amurkiya, Uwargida Catherine Coulter, wanda aka buga cikin 1997. Littafin ya daɗe da fitowa, amma har yanzu in masu karatunsa suka haɗu ba su rabuwa sai da gardama.

Ita dai Uwargida Coulter an haife ta a Jihar Texas cikin 1942. Tun ƙarshen shekarun 1970 ta fara rubutu, kuma da labaran soyayya zalla aka san ta, irin na masu sarautar Ingila a zamanin keken doki. Sai cikin 1996 ta juya akalarta ta fitar da The Cove, wanda jaruminsa ma'aikacin FBI ne, watau hukumar 'yan sandan ciki ta Gwamnatin Tarayyar Amurka. The Maze ne ya biyo baya, kuma daga nan jerin ya miƙe har littattafansa suka haura 25.

Abin Da Labarin Ya Ƙunsa

Sunan littafin yana nufin wuri mai lunguna masu ɓad da mutum. Wata yarinya ce mai suna Lacey Sherlock, 'yar wani alƙali a birnin San Francisco, gwanar kaɗa fiyano. Rana ɗaya aka kashe yayarta Belinda. An ɗora kisan a kan wani mugu wanda al'adarsa ita ce ya sace mace, ya kai ta wani kangon gini inda ya kakkafa lunguna da katako, ya bar mata kirtani ta yi ta bi cikin duhu tana tsammanin hanyar fita ce, alhali kuwa wurinsa take tafiya. Ba a kama shi ba.

Lacey ta ajiye kiɗa, ta shekara 7 tana shirin abu guda. Ta shiga makarantar horon FBI da ke Quantico a Jihar Virginia, ba tare da ta bayyana ainihin abin da ya kawo ta ba. A can ta gamu da Dillon Savich, shugaban wani sashe mai farautar masu kisa da taimakon kwamfuta, shi kuwa ya ɗauke ta aiki a ƙarƙashinsa. Ana nan sai aka sake yin kisa irin na da a birnin Boston. Lacey ta mai da kanta kamar koton da masunci kan sa a ƙugiya, don mugun ya biyo ta. Cikin wannan hali ne so ya shiga tsakaninta da maigidanta na wurin aiki. Yadda aka ƙare kuwa, gara a bar wa wanda bai karanta ba ya gani da idonsa. Abin da kowa ya sani shi ne sun yi aure, domin a sauran littattafan miji da mata ne, har da ɗansu Sean.

Masu Neman Soyayya

Kashi na farko na masu karatu su ne waɗanda suka biyo marubuciyar tun daga littattafanta na da, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Su abin da ya kama zuciyarsu shi ne halin Savich. Ƙaƙƙarfa ne, ya iya faɗa, amma ba ya daka wa Lacey tsawa don ta ji tsoronsa, kuma da ya gane ciwon da ke ranta bai mai da ita mahaukaciya ba. Har ila yau suna yaba cewa auren bai zama ƙarshen labari ba. A yawancin littattafan soyayya da an ɗaura aure sai a rufe littafi, amma nan mai karatu yana biye da ma'auratan shekara da shekaru, suna aiki tare, suna renon ɗa.

Duk da haka su ma suna da nasu ƙorafin. Sun ce da tafiya ta yi nisa sai soyayyar ta yi ta raguwa, gawa da bindiga suka yi ta ƙaruwa, har ya zama an sayar musu da miya ba gishiri.

Wannan hali nasu ba baƙon abu ba ne. Cikin 1984 wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta buga littafi mai suna Reading the Romance, bayan ta bincika ra'ayin mata 42 masu karanta labaran soyayya a wani gari da ta sakaya sunansa. Ta tarar cewa sharaɗinsu na farko shi ne labari ya ƙare da daɗi, har waɗansunsu sukan leƙa shafin ƙarshe kafin su biya kuɗi. Suna son jaruma mai wayo da tsayuwa da ƙafarta, da jarumi mai ƙarfi wanda kuma ya iya tausayi. Da yawansu sun nuna mata cewa lokacin karatun shi ne kaɗai lokacin da ya zama nasu, bayan sun wuni suna hidimar miji da 'ya'ya. Wanda ya dubi Lacey da Savich zai ga kamar da wannan ma'auni aka auna su.

Masu Neman Farauta

Kashi na biyu su ne waɗanda suka zo don bincike da fargaba. A nan ƙasar su ne irin mutanen da suka tashi da littattafan James Hadley Chase da na jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara bugawa cikin 1977. Su kuwa gani suke soyayyar tana ɓata musu lokaci. Ana tsakiyar neman mai kisa, sai a tsaya ana zolaya da kallon juna. Suna kuma sukar maganar mutanen littafin, cewa ba haka mutane ke magana ba in rai na cikin hatsari, kuma sa'a ta cika yi wa jaruman aiki.

Waɗannan sukan gwada littafin da The Silence of the Lambs na Thomas Harris, wanda ya fito cikin 1988 aka yi fim ɗinsa cikin 1991. Shi ma labarin wata ɗalibar Quantico ne mai farautar mai kisan mata, amma babu aure a ƙarshensa. Fushinsu ya daɗa ƙaruwa da marubuciyar ta fara shigo da al'amuran gaibu, kamar a KnockOut na 2009, inda wata ƙaramar yarinya ke kiran Savich da zuci daga nesa yana jin ta. Suka ce in ɗan sanda zai gano gaskiya ta wannan hanya, to, me ya rage na bincike?

Masu Bin Ƙa'idar Aiki

Akwai kuma kashi na uku, masu tambayar ko abin zai yiwu a gaske. A nan ya kamata a fayyace wa mai karatu yadda tsarin Amurka yake, don ya sha bamban da na Nijeriya. A nan, tun da aka haɗe 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1960, rundunar 'yan sanda ɗaya ce ta tarayya. A Amurka kuwa hukumomin 'yan sanda sun kai wajen 18,000, na birane da na gundumomi da na jihohi. Kisan kai yawanci aikinsu ne. Ita FBI, wadda aka kafa cikin 1908 ta sami sunanta na yanzu cikin 1935, tana shiga ne in laifin ya taɓa dokar tarayya, ko in 'yan sandan wurin sun nemi taimako. Cikin 1998, shekara guda bayan fitowar littafin, aka yi dokar da ta fayyace ikonta na taimakawa wajen binciken mai kisa a jere, shi ma sai an gayyace ta.

Sashen da Savich ke shugabanta ƙirƙirarsa aka yi, babu shi. Abin da ke akwai shi ne sashen nazarin halayyar masu laifi da aka kafa cikin 1972, da kuma wani tsari na tattara bayanan kisa daga jihohi don a gane masu kama da juna, wanda ya fara aiki cikin 1985. Amma garin wasan nan da ake kira Hogan's Alley, inda Lacey ta fara gamuwa da Savich, yana nan a Quantico tun 1987, da bankinsa da kantunansa, ɗalibai na koyon kama ɓarayi a ciki.

Babban abin da wannan kashi ke riƙewa abu biyu ne. Na ɗaya, ba a barin ma'aikaci ya binciki kisan ɗan'uwansa na jini, don lauyan wanda ake tuhuma zai sami abin rushe shari'ar. Na biyu, tun 1967 Amurka take da dokar da ta hana jami'in tarayya ɗaukar danginsa aiki ko ƙara musu girma a hukumar da yake da iko, kuma miji da mata suna cikin lissafin. An yi dokar ce 'yan shekaru bayan Shugaba John Kennedy ya naɗa ƙanensa Robert babban lauyan gwamnati cikin 1961. Saboda haka mace ta yi ta aiki a ƙarƙashin mijinta shekara da shekaru, kamar yadda Lacey ke yi, abu ne da ya fi sauƙi a takarda.

Ita kanta jarumar, da a da ne, ba za a ko buɗe mata ƙofa ba. J. Edgar Hoover, wanda ya riƙe hukumar daga 1924 har rasuwarsa cikin Mayu 1972, bai yarda da mace a wannan aiki ba. Sai cikin Yuli 1972 aka rantsar da mata 2, Joanne Pierce da Susan Roley. Shekara 25 kacal ke nan kafin a ƙago Lacey Sherlock.

To, Me Ya Hana Su Dainawa?

Abin mamaki shi ne duk kashi ukun nan ba su daina saye ba. Mai kukan ƙarancin soyayya ya sayi na gaba, mai kukan yawanta ma ya saya. Gardama irin wannan ba baƙuwa ba ce ga mutumin Arewa, don an sha yin ta a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano, malamai na cewa babu adabi a ciki, masu karatu kuwa na ta layi a kasuwa. In ana zagin tuwo ana kuma miƙa kwano, to, akwai abin da ke cikin tuwon.

Amsar tana cikin alkaluman ita FBI ɗin da kanta. A tsakiyar shekarun 1960, cikin kowane kisan kai 10 a Amurka akan warware wajen 9. Zuwa 2020 abin ya faɗi ya koma kusan rabi. Watau a ƙasar da ta fi kowa kuɗi da kayan bincike, dubban iyalai kowace shekara sukan binne ɗan'uwansu ba su san wanda ya kashe shi ba. Fayil ya yi ƙura, jami'in da ke riƙe da shi a canja masa wurin aiki, dangi su gaji da zirga-zirga su haƙura.

Wannan ciwo ne The Maze ya taɓa. Lacey 'yar'uwar mamaciya ce wadda ta ƙi haƙura. Savich kuwa ma'aikacin gwamnati ne wanda ya saurare ta, ya ɗauki maganarta da nauyi, ya tsaya tare da ita har aka kai ƙarshe. Masu neman soyayya sun kira wannan so, masu neman farauta sun kira shi aiki, amma abu ɗaya suke kallo. Shi ya sa soyayyar da binciken ba su rabuwa a littafin. Da an cire ɗaya, ɗayan ma ya rasa ƙafa.

Mutumin da ke zaune a garin da ba nasa ba, ko a Agege ne, ko Sabon Badun, ko Anacha, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san yadda baƙo ke ji in wata masifa ta kai shi gaban kanta, harshensa daban, ba shi da kowa a ciki, yana fatan a dace da wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Irin wannan jami'i ne littafin ke sayarwa a kan kuɗi kaɗan.

Masu bin ƙa'ida suna da gaskiyarsu, kuma ya kamata a ji ta. Bincike na ainihi aikin takarda ne da jira, da shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali, kuma dokar da ta hana mutum binciken kisan ɗan'uwansa an yi ta ne don kare marar laifi daga fushin mai makoki. Wanda ya karanta The Maze ya ɗauka haka ake aikin, ya ruɗi kansa. Amma wanda ya karanta ya fito da tambayar me ya sa mai kuka ke shan wuya kafin a saurare shi, wannan kuɗinsa ba su faɗi a banza ba.