Ƙuri'a Ɗaya Tilo

Ranar Litinin, 8 ga Disamba, 1941, washegarin da jiragen Japan suka yi ruwan bama-bamai a kan sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor, suka kashe Amurkawa kimanin 2,400, Shugaba Franklin Roosevelt ya je gaban majalisa neman amincewarta a shiga yaƙi. A Majalisar Dattawa, sanatoci 82 suka amince baki ɗaya. A Majalisar Wakilai aka shiga kiran sunaye, kowa na cewa e, har aka iso kan wakiliyar jihar Montana, Jeannette Rankin, mai shekara 61. Ta ce a'a.

Zauren ya ɗauki tsaki da ihu. Abokan aikinta suka yi ta lallashinta ta canza, ko kuwa ta yi shiru a wuce wurin. Ta ƙi. Hujjarta ita ce, ita mace ce, ba za a kai ta fagen daga ba, saboda haka ba za ta tura ɗan kowa ba. Aka ƙidaya ƙuri'u: 388 sun yarda, ita kaɗai ta ƙi. Da ta fito, 'yan jarida da jama'a suka yi mata caa, har ta shige wani ɗan akurkin wayar tarho ta rufe ƙofa, sai da 'yan sandan majalisa suka zo suka raka ta ofis. Ƙanenta Wellington, wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyin siyasarta, ya aiko mata da saƙo cewa Montana kaf ta juya mata baya.

Ba ranar ta fara ba. An haife ta a 1880 kusa da garin Missoula, ta yi shekaru tana yawo gari-gari don a bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Montana ta amince a 1914, shekara biyu bayan haka kuma jihar ta zaɓe ta a jam'iyyar Republican, ta zama mace ta farko a majalisar tarayyar Amurka, alhali mata da yawa a ƙasar ba su samu damar zaɓe ba sai a 1920. Kwana huɗu kacal da rantsar da ita, a Afrilun 1917, aka kaɗa ƙuri'a kan batun yaƙi da Jamus. Ta ƙi amincewa, tare da maza 49. Amma ita ta fi shan zagi, wasu na cewa ai ga shi nan, mace ba ta da zuciyar mulki. Ta nemi kujerar sanata a 1918, ta faɗi.

Shekara 22 ta yi a wajen majalisa kafin ta dawo a zaɓen 1940, kuma nan ne labarinta ya fi kama ni. Ba ta ɓoye wa kowa komai ba. A fili ta yi yaƙin neman zaɓe da cewa ba za ta yarda a kai 'ya'yan Amurka yaƙin ƙetare ba, a kan haka aka zaɓe ta. A ganina, bayan harin Pearl Harbor da wuya ƙasar ta kauce wa yaƙi, kuma masu jin haushinta suna da gawawwakin da suke kuka a kansu. Duk da haka, ranar da cika alkawari ya zama zai cinye mata kujera da farin jini gaba ɗaya, ta cika shi, tana sane da kuɗin da za ta biya. Ba ta sake tsayawa takara ba a 1942.

Daga baya ta yi ta zuwa Indiya tana nazarin tafarkin Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba. A Janairun 1968, tana da shekara 87, ta ja gaban mata dubbai a titunan Washington cikin sanyin hunturu, suka nufi ginin majalisa suna neman a daina yaƙin Vietnam. Ta rasu a 1973, tana da shekara 92, jim kaɗan bayan sojojin Amurka sun gama tattara kayansu daga can.