Daga Dorugu zuwa André Salifou: Taskar adabin Damagaram da matasa ba su sani ba

Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Zinder, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tanimun. Amma Damagaram tana da wani gadon da ba a gani da ido: labarai da waƙoƙi da littattafan da ƴaƴanta suka bari, waɗanda yawancinsu sun fi samuwa a ɗakunan karatu na Turai fiye da a hannun matasan garin.

Labarin ya fara ne da wani yaro mai suna Dorugu, wanda aka haifa wajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi, ya zama yaron Bajamushe matafiyi Heinrich Barth, wanda ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila ne wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zauna da shi yana rubuta tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya riƙe a ka. Daga nan aka samu littafin Magana Hausa na 1885, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga da Hausar boko. Wato dai Hausar wani yaron ƙasar Damagaram tana cikin tubalan da aka fara gina nazarin harshen a Turai. Dorugu ya rasu a Nasarawa ta Kano a 1912.

Kafin boko kuwa, akwai allo da tawada. Masarautar, wadda aka kafa a ƙarni na 18, ta daɗe da alaƙa da Borno, kuma malamanta sun yi rubutu da Larabci da ajami. A fada kuma, makaɗa da maroƙa ne ke riƙe da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Ma'azu Ɗan Alalo na daga cikin mawaƙan fadar da sunansu ya ƙetara iyaka har Najeriya.

Zuwan Faransawa a 1899 ya sauya alƙalamin. Zinder ta zama hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma ƴan makarantar da suka taso daga baya da Faransanci suka yi rubutu. Ibrahim Issa, haifaffen Gure, ya fitar da Grandes eaux noires a 1959, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da ɗan Nijar ya wallafa.

Sai Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da ɗauri. Littafinsa Sarraounia na 1980 ya ba da labarin Sarauniyar Lugu da ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine. Med Hondo ya mayar da shi fim, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, a hanyarsa daga Zinder zuwa Yamai domin karɓar wata kyautar adabi.

André Salifou, wanda aka haifa a Zinder a 1942, shi ne ya rubuta tarihin masarautar na ƙarni na 19 a wani littafi da ya fito a 1971, sannan ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune. Ya rasu a 2022, kuma jami'ar Zinder tana ɗauke da sunansa.

Inda Hausa ta ci kasuwarta shi ne dandamali da rediyo. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo a Zinder ta shahara a faɗin Nijar da wasanninta na barkwanci masu zungurar halayen jama'a da na ma'aikata. Sai dai irin waɗannan wasanni a baki aka fi tsara su, ba a takarda ba. Idan kaset ya lalace, wasan ya tafi ke nan.

A nan matsalar take. Abin da aka rubuta yana cikin Faransanci, harshen da akasarin mutanen karkara da Hausawan Najeriya ba sa karantawa. Abin da ke cikin Hausa kuma yana kan kaset ko a bakin tsofaffi. Matashin Damagaram da ke ci-rani a Kano ko Libiya ko Aljeriya zai fi saurin samun littafin soyayya na Kano a wayarsa fiye da labarin Tanimun.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan mataki zai yi ma'ana ne idan ya kai ga aiki: a fassara Salifou da Mamani zuwa Hausa, a sake buga labarin Dorugu da rubutun zamani, a kwashe tsofaffin kasakasai zuwa kwamfuta, a kuma naɗi muryoyin makaɗan fada tun suna raye. Jami'ar tana garin, fadar tana garin, masu tunawa ma suna nan, amma shekaru na ja.