Shekara fiye da 50 a keken guragu: yadda Joni Eareckson Tada ta daina faɗa da jikinta

A ranar 30 ga watan Yulin 1967, wata budurwa 'yar shekara 17 mai suna Joni Eareckson ta je iyo a ruwan Chesapeake da ke jihar Maryland a Amurka. Ta yi tsalle ta faɗa ruwan da ka, ba ta san wurin ba shi da zurfi ba. Kanta ya bugi ƙasa, ƙashin wuyanta ya karye, yayarta ce ma ta ciro ta. Daga ranar ba ta sake taka ƙafarta ba, yatsun hannunta ma suka daina aiki.

A yau matar nan, da aka fi sani da Joni Eareckson Tada, tana cikin Kiristocin da aka fi saurara a duniya idan ana maganar nakasa. Labarinta ya shafe mu a nan Ghana ta hanya biyu. Ƙungiyarta ta raba kekunan guragu a ƙasar nan, sannan tambayar da ta sha fama da ita tana nan a gidaje da yawa na zangonninmu: idan an yi addu'a an yi magani, lafiya ba ta dawo ba, to mutum ya yi yaya da rayuwarsa?

Shekarun ɗaci

Joni ba ta ɓoye halin da ta shiga ba. A littafin tarihin rayuwarta mai suna Joni, wanda ya fito a 1976, ta ba da labarin kusan shekara biyu da ta yi tsakanin asibiti da cibiyar gashi. Yarinyar da ta saba hawan doki da iyo ta koma sai an juya ta, an ba ta abinci a baki. Ta yi fushi da Allah, ta yi fatan mutuwa, har ta roƙi ƙawayenta su taimaka mata ta kashe kanta.

Ta kuma nemi waraka iya ƙarfinta. An shafa mata mai, an ɗora mata hannu, an kai ta tarukan addu'a inda ake cewa guragu za su miƙe. Haka ta je, haka ta dawo. Wasu ma suka ce ƙila bangaskiyarta ce ba ta kai ba, ko akwai zunubin da ta ɓoye. Duk wanda ke zaune a Accra ko Kumasi ya san irin wannan magana, don allunan coci-coci masu alkawarin mu'ujiza sun cika tituna. Mu ma a zango ba mu tsira ba, ana yawo da yaro daga wannan malami zuwa wancan, a ƙarshe a ce sammu ne ko aikin aljanu.

Abin da ta samu a addininta

Sauyin ya zo ne a hankali, lokacin da wani matashi mai suna Steve Estes ya riƙa zama da ita suna karanta Littafi Mai Tsarki. Cikin wuraren da Kiristoci ke dogara da su a wannan batu akwai labarin makahon nan a Linjilar Yohanna, sura ta 9. Almajirai suka tambayi Yesu, wanda mu Musulmi muke kira Annabi Isa (AS), ko zunubin mutumin ne ko na iyayensa ya sa aka haife shi makaho, ya amsa cewa ba laifin kowa ba ne. Akwai kuma Bulus, wanda ya rubuta wa mutanen Korinti cewa ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata cuta da ke damunsa, ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin zama da ita.

Daga irin wannan karatu Joni ta fahimci cewa kujerarta ba horo ba ce, kuma darajarta a wurin Mahalicci ba ta ragu ba don wuyanta ya karye. Da ta daina jiran ranar da za ta miƙe kafin ta soma rayuwa, sai aiki ya buɗe mata. Ta koyi zane da buroshi a tsakanin haƙora. A 1979 ta kafa ƙungiyar Joni and Friends, a 1982 ta auri wani malamin makaranta, Ken Tada. Ta zauna a majalisar ƙasa mai ba gwamnatin Amurka shawara kan nakasassu, a lokacin da ake shirya dokar kare haƙƙinsu da aka sa wa hannu a 1990.

A 1994 ƙungiyar ta soma shirin Wheels for the World, kuma Ghana na cikin ƙasashen farko da suka amfana. Ana tattara tsofaffin kekunan guragu, fursunoni a gidajen yarin Amurka su gyara su, sannan a kawo a gwada wa kowa daidai jikinsa. Wahala dai ba ta bar ta ba. A 2010 an gano tana da sankarar mama, kuma ta daɗe tana fama da ciwon jiki mai tsanani. Ta sha faɗa cewa har gobe akwai safiyar da take tashi ba ta da ƙarfin fuskantar yinin, sai ta nemi taimakon Allah.

Mu fa a zango?

Aƙidarmu da ta Joni sun bambanta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma Musulmin da ya san haƙurin Annabi Ayuba (AS) da yarda da ƙaddara ba zai ji labarinta baƙo ba. Muna da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa. Ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah (SAW), har ana bar masa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Makantarsa ba ta tafi ba, kuma ba wanda ya ajiye shi a bakin hanya da ƙoƙon bara.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata irin nakasa. Dokar nakasassu ta 2006, mai lamba 715, ta ba masu gine-ginen jama'a shekara goma su gyara su yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2016. To a duba masallatanmu da makarantun Islamiyya a Nima, Mamobi ko Sabon Zango, a ƙirga waɗanda gurgu zai shiga ba tare da an ɗauke shi kamar buhu ba.

Yana da wuya yaro ya yarda da kansa idan iyayensa suna tura shi ƙuryar ɗaki duk sanda baƙi suka yi sallama. Joni ta samu 'yan'uwa da abokai da suka zauna da ita, suka sa mata buroshi a baki. Yaron da ke rarrafe a layinmu shi ma abin da yake buƙata ke nan: keke daidai jikinsa, wurin zama a aji, da 'yar gangara ta siminti a ƙofar masallaci, wadda kwamitin unguwa zai iya ginawa da kuɗin taimakon Juma'a ɗaya ko biyu.