Daɓen Fasassun Duwatsu a Gindin Katanga

Mutanen Gummi, da yake suna kusa da Gulbin Zamfara, sun san ɓarnar ruwa, balle bayan ambaliyar 2024 wadda ta rushe gidaje masu yawa. Amma ko babu ambaliya, ruwan indararo yakan ci gindin katangar ƙasa sannu a hankali har ta faɗi. Maganinsa shi ne a kewaye gida da daɓen fasassun duwatsu, aikin da ko wanda bai taɓa gini ba yana iyawa.

Da fari a haƙa ƙasa zurfin taƙi 1, faɗin kamu 2, a zuba marmara a daɓe ta sosai. Sa'an nan a shimfiɗa kwaɓi, siminti awo 1, yashi awo 4. A jera manyan duwatsu a gefe, ƙanana su cike tsakani, a liƙe tsagogin. Lalle daɓen ya gangara waje, domin in ya karkata wajen katanga, gara ma ba a yi ba. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7.

Sai dai a kula da inda dutsen ya fito. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sabili da duwatsun zinariya da aka niƙa cikin gidaje. Dutsen ramin zinariya, ko kyauta aka bayar, kada ya shigo gida, gama fasa shi yana tā da ƙura, yara kuwa a ƙasa suke wasa.