Filatinam, Dillalin Kasuwar Sinadarai

Ɗaliban aji biyar na bana ba za su manta da ranar da muka tashi raba ruwa gida biyu a ɗakin gwaje-gwaje ba. Kayan aikin shi ne kwalbar nan mai bututu uku da ake kira boltamita, wadda wani Bajamushe mai suna Hofmann ya ƙago a 1866. Muka cika ta da ruwa, muka ɗiga asid irin na batir kaɗan, sai muka tarar ɗaya daga cikin 'yan ƙarafa biyu da ke gindinta ya karye. Wani yaro mai kaifin basira ya ce, "Malam, ai ƙarfe ƙarfe ne, mu sa wayar jan ƙarfe." Na ce to, gani ya kori ji. Muka sa wayar a gefen da ke haɗe da kan batir mai alamar tarawa. A ɗaya gefen iska ta yi ta tsattsafowa yadda ya kamata, amma a gefen wayar kusan ba abin da ya fito. Kafin a buga ƙararrawa ruwan ya koma shuɗi, waya kuma ta sirance. Na yi alkawari zan bayyana dalili a littafin shekara, domin iyaye ma su amfana. To, ga cika alkawari.

Ƙarfen da ya karye filatinam ne. Duk ƙarfen da wutar lantarki take bi ta jikinsa ta shiga cikin ruwa ko ta fita, sunansa ilektirod. A fatar ilektirod ake yin ciniki: ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron suna barin ƙarfe su shiga sinadarin da ke cikin ruwa, ko su bar sinadarin su shiga ƙarfe. A gefen tarawa, batir yana jan ilektiron ne, kuma yana ɗauka daga wurin wanda ya fi saurin saki. Jan ƙarfe ya fi ruwa saurin saki, saboda haka shi ne ya narke, shuɗin da muka gani kuwa jikinsa ne. Filatinam yana riƙe nasa tam, sai dole ruwa ya saki, iskar oksijin ta fito. Da ƙarfenmu bai karye ba, da mun sami haidurojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya, kamar yadda jarrabawa take tambaya.

Masana sun jera ƙarafa bisa ga wannan hali, da ma'aunin bolt. Zinki, wanda ake shafa wa kwanon rufi, yana kan −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, jan ƙarfe +0.34, azurfa +0.80, filatinam wajen +1.2, zinariya +1.50. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon ƙin tsatsa. Na saman jerin su ake kira ƙarafa masu daraja: zinariya, azurfa, filatinam da danginsa irin su faladiyam, rodiyam da iridiyam. Abin da ya sa ke nan masu wankin ƙasa a wajen Yawuri suke samun zinariya tana ƙyalli a cikin yashi, alhali fartanyar da aka manta a fadama damina ɗaya ta ishe ta. Sifirin da ake auna dukan jerin da shi ma, wato ilektirod na haidurojin, da filatinam ake yin sa.

Amma ƙin tsatsa rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne dillanci. Duk wanda ya je kasuwar dabbobi ya san dillali. Mai sa yana tsaye, mai kuɗi yana tsaye, kowa yana son ciniki, amma sai su yini ba su daidaita ba. Dillali ya zo ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, nan da nan a yi sallama, shi kuma ya juya ga na gaba. Ba shi aka sayar ba, ba shi aka saya ba. Sinadarin da yake yin irin wannan aiki, ya gaggauta haɗuwa ba tare da ya ƙare ba, shi ake kira katalis. Wani masani na ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa aikin suna a 1835. Tun kafin nan, a 1823, Döbereiner na Jamus ya ga in an hura haidurojin a kan garin filatinam cikin iska, sai ya kama wuta ba ashana, har aka yi ta sayar da ƙyastu irin wannan a Turai.

Yaya filatinam yake dillancinsa? Ƙwayar haidurojin tana sauka a fatarsa ta manne, ta jira 'yar'uwarta, su haɗu su tashi a matsayin iska. Sirrin yana ga ƙarfin riƙon. Ƙarfen da ya riƙe da ƙarfi sosai ba ya saki, fatarsa ta cika, kasuwa ta tsaya. Wanda riƙonsa ya yi sako-sako, irin su dalma da zaiba, ƙwayar ba ta samun wurin zama. Filatinam yana tsaka-tsaki. Wani Bafaranshe, Paul Sabatier, wanda ya sami lambar Nobel a 1912, shi ake jingina wa wannan ƙa'ida. Ita kanta zinariya, duk da ta fi ƙin tsatsa, riƙonta ga haidurojin ya yi rauni, don haka a wannan aiki filatinam ya fi ta nesa ba kusa ba.

A lissafi, bolt 1.23 ya isa raba ruwa. A aikace sai an ƙara, ƙarin kuwa ya dogara ga ƙarfen da aka sa. A kan filatinam haidurojin yana fita kusan ba tare da ƙari ba. A kan zaiba sai an ƙara wajen bolt guda. Ga abin mamaki: raunin dalma shi ne arzikin batirin mota. Kowane ɗaki na batirin yana ba da wajen bolt 2, ya wuce abin da ruwa yake bukata ya rabu, amma da yake dalma ragon dillali ne, ruwan ba ya rabuwa sai a hankali. In mai cajin batir ya wuce kima, to, nan ne za ka ji yana tafasa, ruwa ya ragu, haidurojin ya taru. Shi ya sa ba a kunna ashana kusa da batirin da ke kan caji.

Yanzu bari mu bar ɗakin gwaji mu nufi Argungu. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ga abin da ido ba ya gani, wato oksijin da ya narke a cikin ruwa. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 kawai. Yawancin kifaye sun fi walwala in bai gaza 5 ba. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska, amma giwan ruwa, wanda masu homa da gora suke fafutukar kamawa, ba shi da wannan dabara. In shara ko ragowar takin gonakin shinkafa suka yi yawa a ruwa, gansakuka ta yaɗu, oksijin yakan faɗi ƙwarai da asuba, sai a wayi gari kifi yana haki a sama.

Na'urar da masu kiwon kifi da masu binciken ruwa suka daɗe suna auna wannan da ita, wani Ba'amurke, Leland Clark, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950. A bakinta akwai ɗan filatinam ko zinariya, da wata wayar azurfa, cikin ruwan gishiri, an rufe su da leda mai shara-shara wadda oksijin ke ratsawa. Ana ba su wajen bolt 0.7. Duk ƙwayar oksijin da ta ratso, sai ta karɓi ilektiron huɗu a fatar filatinam. Oksijin mai yawa, wuta mai yawa. Allura ta nuna. Da jan ƙarfe aka sa, da ba a san ko ruwa ake aunawa ko tsatsar waya ba. A kan wannan na'ura ce Clark ya gina dabarar auna sukarin jini a 1962, kuma wasu daga cikin 'yan takardun da masu ciwon sukari suke ɗiga wa jini suna da siririn shafen zinariya ko faladiyam.

Wuri na ƙarshe shi ne garejin kanikawa a Birnin Kebbi. A jikin salansar mota akwai wata 'yar na'ura mai auna oksijin cikin hayaƙi, ilektirod ɗinta na filatinam ne, ita ke gaya wa inji ya ƙara mai ko ya rage. Kusa da ita akwai tukunya mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda kanikawa suke ce wa "Indomie". An shafe ramukan da 'yan giram na filatinam, faladiyam da rodiyam, su ne suke mai da iskar kabon monoksaid mai kisa ta koma kabon dayoksaid. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975. Wajen kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, yana da tsada, shi ya sa ɓarayi suke yanke tukunyar, wasu masu mota kuma suke cirewa su sayar. Kuɗin yana shiga aljihu ɗaya, hayaƙin kuwa 'yan kabu-kabu da masu talla a bakin titi ne suke shaƙa.

Wannan dillali yana da maƙiya. Dalma, farar wuta da kabon monoksaid in ya yi yawa a yanayin sanyi suna mannewa a fatar filatinam su ƙi tashi, sai a ce an ba katalis guba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka daina zuba dalma a fetur. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Dalmar nan dai ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Wanda danginsa suke wannan sana'a ya gaya musu kada a daka dutse inda yara suke wasa.

Ga ɗalibaina masu shirin jarrabawa, in an tambaye ku dalilin sa filatinam a boltamita, amsa biyu ce: ba ya narkewa, kuma yana sauƙaƙa fitar iska. Kada a taɓa fatarsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana toshe ta. A wanke shi da ruwa tatacce a mayar akwati. Yaron da ya kawo shawarar waya kuwa ina yaba masa, don tambayarsa ta koyar da ajin abin da alli bai koyar ba. Sabon ilektirod ya iso, za mu sake gwajin a makon farko na zango mai zuwa, kowa ya zo da littafinsa.