Sutura wajen saka kilt

Kilt tufa ce ta maza da ta samo asali daga yankin tsaunukan arewacin Sikotilan. Ana ɗaura ta a ƙugu kusan kamar zani, tsawonta kuma ya tsaya a gwiwa. Bayanta duk tattara ce, gabanta kuwa shafi biyu ne da ɗaya ke hawa kan ɗaya. Sunan ya fito ne daga wani fi'ili na harshen Scots mai ma'anar tattare tufa a jiki. A yau an fi saka ta a bikin aure, faretin soja, raye-rayen gargajiya da wasannin gargajiya na tsaunuka. Da yake a buɗe take ta ƙasa, akwai ladubban da masu saka ta ke kiyayewa don kada tsiraici ya bayyana a bainar jama'a.

Yadda ɗinkin ke rufe jiki

Mafi yawan aikin suturar ɗinkin ne ke yin sa, ba mai sakawa ba. Cikakken kilt na gargajiya yana cin kusan yadi 8 na ulu mai kauri, kuma yawancin yadin a tattarar baya yake ƙarewa. Wannan nauyin ne ke sa iska ba ta ɗaga shi da sauƙi, idan ma ta ɗaga sai ya faɗo nan take. Masu araha da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido suna da ƙarancin yadi da nauyi, su ne suka fi kunyata mai su.

A gaba ana rataya wata jakar fata da ake kira sporran, kalmar da ke nufin alabe a harshen Gaelic. Asalin amfaninta ajiye kuɗi da ƙananan kaya, tunda kilt ba shi da aljihu, amma tana danne shafin gaba, musamman idan mutum ya zauna. Akwai kuma wani fil na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙasan shafin waje ta gefen dama. Sababbin masu sakawa sukan yi kuskuren haɗe shafukan biyu da shi, suna zaton kulle ne. Fil ɗin a shafin waje kaɗai yake zama don ya ƙara masa nauyi. Idan aka haɗe biyun, yadin ba ya sauka daidai, kuma yana iya yagewa in an yi dogon taku.

Tsawo ma yana da ƙa'ida. Ana ɗaura kilt a saitin cibiya, sama da inda wando ke zama, bakinsa kuma ya sauka a tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Wanda ya fi shahara da kuskuren tsawo shi ne Sarki George na IV. Da ya ziyarci Edinburgh a shekarar 1822, ya fito cikin kilt da ya yi masa gajarta sosai, ga kuma matsattsen wando ruwan hoda a ƙarƙashi. Masu zanen barkwanci sun daɗe suna yi masa ba'a a kai. Da mai zane David Wilkie ya zana shi cikin wannan shiga daga baya, sai ya bar wandon.

Zama da motsi

Zama ya fi komai haɗari. Mai kilt yakan sa hannu ya share tattarar baya zuwa ƙarƙashin cinyoyinsa kafin ya zauna, don kada ta tattare ya zauna a kan kujera ba komai. Daga nan sai ya tura shafin gaba da jakar tsakanin gwiwoyinsa. Ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya irin yadda mai wando ke yi ba ya yiwuwa, sai dai a harɗe idon sawu. An fi bukatar wannan kulawa a sahun gaba na hoton taro ko a kan dandamali, inda idon jama'a da kyamara suke daidai da gwiwa.

Idan abu ya faɗi ƙasa, durƙusawa ake yi a ɗauka, ba sunkuyawa ba. Wajen shiga mota kuma ana fara zama, sannan a juyo da ƙafafu biyun tare.

Iska dai ba ta da cikakken magani. A watan Afrilun 1997, ana sauke tuta a Hong Kong 'yan watanni kafin Birtaniya ta miƙa yankin ga Sin, iska ta ɗaga kilt ɗin wani sojan rundunar Black Watch ta baya, ga shi bai saka komai a ciki ba. Hoton ya zagaye jaridun duniya.

Abin da ake sakawa a ƙarƙashi

Akwai tsohuwar magana cewa ɗan Sikotilan na gaske ba ya saka komai a ƙarƙashin kilt. Al'adar ta yi ƙarfi ne a rundunonin sojan tsaunuka, daga nan ta zama abin barkwanci da kusan kowane baƙo ke tambaya a kai. Babu wata doka da ta ɗora ta a kan farar hula, kuma ba ita ce ta rinjaya ba. Wani binciken jin ra'ayi da YouGov ta yi a 2016 ya nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na mazan da ke saka kilt suna saka kamfai, kashi 38 ba sa saka komai, sauran kuma gajeren wando ko makamancinsa.

A gasar rawar gargajiya da wasanni irin su jifan gungume, inda ake tsalle da juyi, masu fafatawa suna saka kamfai ko gajeren wando mai duhun launi. Shagunan da ke ba da hayar kilt don biki su ma sukan nemi a saka, saboda tsafta: ulu ba ya jure wanki akai-akai, tufar kuma wani zai saka ta a mako mai zuwa. A 2010 shugaban hukumar Scottish Tartans Authority na lokacin, Brian Wilton, ya soki al'adar zama ba kamfai a matsayin yarinta da rashin tsafta, abin da ya jawo muhawara a jaridu.

Halin sauran mutane

Wani ɓangare na matsalar ba daga mai tufar yake ba. Masu saka kilt, musamman ma'aikatan wuraren shaƙatawa da masu busa a wurin biki, sun sha kokawa da mutanen da ke ɗaga musu tufa da sunan wasa don su ga ko maganar gaskiya ce. Ɗaukar hoto ta ƙarƙashin tufar mutum ba da yardarsa ba laifi ne a Sikotilan tun 2010, a Ingila da Wales kuma tun 2019, kuma dokokin sun kare mai kilt kamar yadda suka kare mai siket.